Gaskiya ko Jita-jita: Shin An Gama Haddace Buɗin Wasan Ces?

Akwai wani saƙo da ya daɗe yana yawo a Facebook da WhatsApp tsakanin masu sha'awar wasan ces, wato darar nan mai gidaje 64 da 'ya'ya 32, mai sarki da sarauniya da dawakai. Saƙon cewa yake idan kowane ɗan wasa ya taka sau ɗaya, allo zai iya ɗaukar fasali 400. Idan kowa ya taka sau biyu, fasali 72,084. Sau uku, sama da miliyan tara. Sau huɗu kuwa, sama da biliyan 288. Akwai kuma wata maganar da ta yi hannun riga da wannan, wai ces ya ƙare, manyan 'yan wasa hadda kawai suke zubawa, kwamfuta ta riga ta san komai. Kowacce da ƙamshin gaskiya a jikinta, kowacce kuma an yi mata ƙarin gishiri. Abin farin ciki shi ne ces wasa ne da ake iya ƙirga farkonsa ɗaya bayan ɗaya, don haka ba sai an yi ta ja-in-ja ba.

A nan idan an ce taku, ana nufin ɗan wasa ɗaya ya motsa ɗa ɗaya. Idan an ce zagaye, mai farare ya taka, mai baƙaƙe ya mayar masa.

Ƙidayar zagayen farko

Mai farare ne yake farawa. Yana da ƙananan sojoji takwas a sahun gaba, kowanne yana iya matsawa gida ɗaya ko biyu, zaɓi 16 ke nan. Dawakinsa biyu su kaɗai ne ke iya tsallake sahu, kowanne da gida biyu da zai dira, ƙarin huɗu. Jimilla 20. Mai baƙaƙe ma 20 ɗin gare shi. Ashirin sau ashirin, 400. Wannan lambar gaskiya ce, babu tantama.

Daga taku na uku ne ake fara ruɗewa, domin abu biyu ake cakuɗawa. Akwai yawan hanyoyin da za a bi, akwai kuma yawan fasalin da allo zai tsaya a kai. A ɗauka mai farare ya tura sojan da ke gaban sarki gida biyu, zuwa e4. Mai baƙaƙe ya tare shi da nasa a e5. Farin doki ya fito f3, baƙin doki ya fito c6. Yanzu a sake jera allo, a fara da dawakan: fari f3, baƙi c6, sannan sojojin su biyo baya, e4 da e5. Wanda ya shigo ɗakin a wannan lokaci ba zai iya bambance wasan farko da na biyu ba, domin kowane ɗa yana gida guda. Hanya biyu, fasali ɗaya. Da ana nisa, irin wannan haɗuwar sai ƙaruwa take yi. Bayan taku uku hanyoyi 8,902 ne, amma fasali 5,362 kawai. Bayan zagaye biyu hanyoyi sun kai 197,281. Bayan zagaye uku sun kai 119,060,324, fasalin kuwa 9,417,681. Ke nan "sama da miliyan tara" da saƙon ya faɗa daidai ne, matuƙar fasali ake nufi.

Lambar zagaye na biyu ta kusa, amma ba ta dace ba. Amsa biyu ce ingantacciya, 71,852 da 72,078, kuma dalilin bambancinsu ya isa a tsaya a kai. A ces akwai dokar cin soja yana wucewa: idan soja ya yi tsallen gida biyu ya sauka kafaɗa da kafaɗa da sojan abokin gaba, wancan yana da damar cinye shi, amma a takun da ke biye kawai, idan ya bari ta wuce, ta wuce. To a duba wasa biyu. A na farko, fari e4, baƙi d5, fari e5, baƙi a6. A na biyu, fari e4, baƙi a6, fari e5, baƙi d5. Idan aka ɗauki hoton allon, hotunan iri ɗaya ne sak. Sai dai a na biyu farin soja yana iya cin baƙin sojan da ya yi tsalle yanzun nan, a na farko kuwa ba shi da wannan dama. Wanda ya ƙirga abin da ido ke gani zai samu 71,852. Wanda ya haɗa da abin da doka ta halatta a buga zai samu 72,078. Ƙaramar lambar, wani Bafaranshe mai suna Flye Sainte-Marie ne ya fitar da ita a 1903 da alƙalami da takarda, bayan ya gyara ƙidayarsa ta farko ta 1895. Kwamfuta ta zo daga baya ta gaskata shi. Irin wannan haƙurin ya cancanci a jinjina masa.

Biliyan 288 kuwa jita-jita ce tsagwaronta. Bayan zagaye huɗu, fasalin allo 988,187,354 ne, bai ma cika biliyan ɗaya ba. Ko hanyoyi aka ƙirga, 84,998,978,956 ne. Akwai 'yar uwarta da ita ma ake yawo da ita, biliyan 318 da ɗoriya, wadda tsohon kiyasi ne na kafin zamanin kwamfuta. Dalilin da ya sa ake iya bugun ƙirji da waɗannan lambobi shi ne masu rubuta manhajar ces da su suke gwada aikinsu. Duk wanda ya haɗa sabuwar manhaja sai ya sa ta ƙirga hanyoyin nan. Idan ta saɓa ko da ɗaya ne, ya san akwai dokar da bai rubuta daidai ba. Manhajoji masu yawa, na mutane daban-daban, duk amsa ɗaya suke bayarwa.

Gaskiyar ma ai ba ta buƙatar ƙari. Hanyoyin buga zagaye biyar na farko 69,352,859,712,417 ne. Da za a raba wa mutum biliyan takwas da ke duniya, jariri da tsoho, kowa zai tashi da fiye da 8,600 nasa na kansa.

"Ces ya fi ƙwayoyin zarrar sararin samaniya yawa"

Wannan ya danganta da abin da aka ƙirga. Asalin maganar daga Claude Shannon ne, masanin lissafi ɗan Amurka, a wata maƙala da ya wallafa a 1950 kan yadda za a koya wa kwamfuta ces. Ya ɗauka cewa ɗan wasa yana da zaɓi kamar 30 a kowane taku, wato kusan dubu a zagaye, wasa kuma yakan kai zagaye 40. Sai ya samu 1 da sifili 120 a bayansa. Ƙwayoyin zarrar da ke duk sararin da na'urori ke iya hangowa an kiyasta su da 1 da sifili 80. Idan wasanni ake nufi, maganar ta tsaya da ƙafarta, ko da yake kiyasi ne Shannon ya yi, ba ƙidaya ba.

Idan fasalin allo ake nufi, ta faɗi. John Tromp da Peter Österlund sun kiyasta cewa fasalin da doka ta yarda da su sun kai kusan 4.8 a ninka da 1 mai sifili 44. Lamba ce da hankali ba ya iya ɗauka, amma ko kusa da sifili 80 ba ta je ba. Sannan mafi yawan wasannin da ke cikin lissafin Shannon shirme ne, irin a ba da sarauniya a banza ko a yi ta kai doki ana dawo da shi. Ko an ce taku uku ne kaɗai masu ma'ana a kowane lokaci, zagaye 40 zai ba da wajen 1 da sifili 38. Ya ragu ƙwarai, amma har yanzu ya fi ƙarfin a ƙare shi.

"Duk buɗin da za ka buga yana cikin rumbu"

Nan ne maganar ta fi shafar wanda ke zama gaban allo. Tun ƙarnoni ake rubuta buɗin wasa. Buɗin da ake kira Ruy Lopez sunan wani limamin coci ne ɗan Sifaniya da ya wallafa littafinsa a 1561. Daga 1974 masu buga mujallar Chess Informant a Belgrade suka fara fitar da kundin buɗin ces mai juzu'i biyar, suka raba buɗi gida 500, daga A00 zuwa E99, har yau kuma da wannan rabon ake aiki. Yanzu abin ya koma kwamfuta. Babban rumbun kamfanin ChessBase na Jamus yana ɗauke da wasannin gasa sama da miliyan goma. Lichess, dandalin kyauta da Thibault Duplessis ya kafa a 2010, ya tara wasanni sama da biliyan biyar, kowa yana iya dubawa. Wanda ya ji waɗannan lambobi dole ya ɗauka babu sauran inda ƙafa ba ta taka ba.

To amma a yi lissafi mai sauƙi. Kowane wasa, idan ya kai ƙarshen zagaye na huɗu, fasali ɗaya tak yake nunawa a wannan matakin. Ko da a ce babu wasa biyu da suka yi kama a rumbun ChessBase, wasanni miliyan goma da 'yan kai ba za su rufe fiye da kamar ɗaya cikin ɗari na fasali miliyan 988 ba. A ƙarshen zagaye na biyar fasalin sun haura biliyan 85, don haka rumbun Lichess ma, duk girmansa, ƙaramin yanki kawai zai iya rufewa. Wannan fa idan an ɗauka wasannin duk sun bambanta ne. A zahiri kuwa cunkushe suke a wuri ɗaya. Cikin taku 20 na farko, huɗu ne suka kwashe fiye da tara cikin goma na wasannin ƙwararru: e4, d4, c4 da fitar da doki f3. Daga nan ma kowa inda aka fi bi yake bi. Rumbun kamar titin Kano zuwa Zariya ne: dubban motoci suna tattake shi dare da rana, amma ka sauka ka yi tafiyar minti biyu cikin gonaki, sai ga ka inda taya ba ta taɓa bi ba.

Shi ya sa babu amsa ɗaya ga mai tambayar a zagaye na nawa ake fita daga rumbu. Ƙwararru biyu da suka yarda su bi sanannen layi, kamar reshen Najdorf na kariyar Sisiliya ko harin Marshall, suna iya wuce zagaye 20 ba su buga sabon abu ba. Masu koyo biyu kuwa, da zarar ɗaya ya tura sojan gefe ba dalili, ɗayan ya fito da sarauniya da wuri, kafin su kai zagaye goma sun bar duk abin da ƙwararru suka taɓa bugawa. Gudun fita ya danganta ne da ko 'yan wasan biyu sun yarda su zauna a kan hanya. Mutum ɗaya ya isa ya kauce da wasan.

Akwai ƙananan zato biyu da suke biyo bayan wannan. Na farko, wai wanda ya buga abin da ba a taɓa bugawa ba gwani ne. Mujallun ces suna da alamar da suke sa wa sabon taku, harafin N, ana kuma girmama wanda ya kawo mai kyau. Amma akasarin takun da babu su a rumbun ƙwararru, dalilin rashinsu shi ne ba su da kyau. Na biyu, wai idan an fita an fita ke nan. Ba haka ba ne. Tunda hanyoyi da yawa fasali ɗaya suke kaiwa, wasa yakan ɓace daga rumbu a zagaye na shida ya sake ɓullowa a na takwas, a tsakiyar layin da aka buga sau dubbai. Ƙwararru da gangan suke sauya jerin taku don su kauce wa layin da abokin karawa ya fi ƙwarewa a kai, su kai shi inda ba ya so.

"Manyan 'yan wasa hadda kawai suke yi"

Wannan kukan ya tsufa. Tun shekarun 1920 José Raúl Capablanca ɗan Kuba, zakaran duniya na lokacin, yake fargabar cewa ƙwararru za su kai matsayin da kowane wasa zai tashi kunnen doki, har ya ba da shawarar a faɗaɗa allo a ƙara sababbin 'ya'ya. Bobby Fischer, ba'amurken da ya zama zakara a 1972, shi ma haddar buɗi ta ishe shi, sai a 1996 a birnin Buenos Aires ya gabatar da nau'in da ake hargitsa jerin manyan 'ya'ya kafin a fara, jeri 960, don kada kowa ya zo da shiri daga gida. Da aka yi gasar duniya a Landan a 2018 tsakanin Magnus Carlsen da Fabiano Caruana, wasanni 12 na dogon lokaci duk canjaras aka tashi. Mai cewa hadda ta yi yawa a sama yana da hujja, ban ga laifinsa ba.

Amma a dubi abin da ya faru a Brissago ta ƙasar Suwizalan a 2004, a wasa na takwas na gasar duniya tsakanin Vladimir Kramnik ɗan Rasha, mai riƙe da kambin, da Peter Leko ɗan Hungary. Leko na riƙe da baƙaƙe, ya shiga harin Marshall. Kramnik yana ta takawa cikin sauri, alamar duk abin da ke faruwa an riga an duba shi a masauki da kwamfuta. Leko kuwa ya dafe kai, agogonsa yana ta cinye lokaci. Kramnik har sarauniyarsa ya sadaukar, yana dogaro da wani soja da ya kama hanyar zama sabuwar sarauniya, domin a lissafin da aka yi a gida wasan nasa ne. Ashe ba a bar kwamfutar ta yi nisa da tunani ba. A zagaye na 25, da 'yan mintuna a hannunsa, Leko ya kutsa da sarauniyarsa gidan d3, takun da shirin gida ya raina. Daga nan farin sarki bai sake samun sukuni ba, Kramnik ya miƙa wuya a zagaye na 32. Sai a wasan ƙarshe ya rama, aka tashi 7 da 7, ya tsira da kambinsa. A ganina wannan wasa ɗaya ya fi dogon bayani: hadda ta kai zakaran duniya zagaye ashirin da 'yan kai, inda ta ƙare kuma sai wanda ya fi gani da idonsa ya ci.

Harin Marshall ɗin kansa haka ya fara yin suna. Frank Marshall ya jefa wa Capablanca shi a New York a 1918, Capablanca ya warware shi a zaune, ya ci wasan.

Kada kuma a zarce a ce sanin buɗi ba shi da amfani. A 1997, a wasan ƙarshe tsakanin Garry Kasparov da Deep Blue, kwamfutar kamfanin IBM, Kasparov ya shiga wani layi na kariyar Caro-Kann da aka san yana da haɗari. Na'urar ta sadaukar da doki a zagaye na takwas, takun da ke cikin kundin buɗin da aka loda mata, kuma a zagaye 19 wasa ya ƙare.

"Kwamfuta ta warware ces"

Jita-jita ce. Cewa kwamfuta ta fi kowane ɗan Adam iya wasan, wannan ba a musu. Manhajar Stockfish da ake saukewa kyauta a waya ta fi ƙarfin zakaran duniya. Amma fin ƙarfi daban, warwarewa daban. Warware wasa shi ne a tabbatar da yadda zai ƙare idan kowa ya buga ba kuskure. An yi wa draf haka a 2007, lokacin da Jonathan Schaeffer da abokan aikinsa a Jami'ar Alberta ta Kanada suka tabbatar da cewa kunnen doki ne, bayan aikin da suka faro tun 1989. Draf ɗin Ingilishi ne fa mai gidaje 64, ba mai gidaje 100 da ake bugawa a bakin titunan Najeriya ba. Fasalinsa kusan 5 ne da sifili 20 a baya. Na ces ya ninka wannan da lamba mai sifili 24.

Abin da aka warware a ces shi ne wutsiyarsa. A 2012, da babbar kwamfutar Lomonosov ta Jami'ar Mosko, an kammala lissafin kusan dukkan fasalin da 'ya'ya bakwai ko ƙasa da haka suka rage a allo, har da sarakunan biyu. A wannan yanki babu sauran zato: ana sanin wa zai ci, da kuma a taku nawa, har an samu fasalin da sai an yi sama da zagaye 500 kafin a rutsa sarki. Amma da 'ya'ya 32 ake farawa. Tsakanin inda rumbun buɗi ya tsaya da inda lissafin ƙarshen wasa ya fara akwai fili mai faɗin gaske, a nan ne kuma ake ci ake faɗuwa.

Abin da yake damuna shi ne yadda wannan jita-jita take karya gwiwar masu koyo. Yaro ya ji cewa sai ya haddace kundi kafin ya iya wasa, sai ya haƙura tun bai fara ba. Wani kuma ya ɓata watanni yana haddar zagaye 15 na layin da abokin wasansa zai kauce masa tun a zagaye na huɗu, ya bar shi yana kallon allo bai san dalilin ko taku ɗaya da ya haddace ba. Mai koyo ya fi buƙatar ya san me ya sa ake kama tsakiyar allo, me ya sa ake fito da dawakai da wuri, me ya sa ake ɓoye sarki kafin a kai hari.

Mai karatu, idan kana buga ces a waya, ka gwada da kanka. Buɗe wasanka na ƙarshe a Lichess, ka shiga wurin nazari, ka taɓa alamar littafi, ka zaɓi rumbun ƙwararru. Ka bi wasan taku bayan taku kana kallon yawan wasannin da suka bi ta inda ka bi, ka lura da zagayen da lambar ta koma sifili. Daga nan ka fara nazarin wasanka.